Gansakuka: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Abin da nake so in yi bayani a kansa a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne gansakuka, watau koren abin nan mai santsi da kan rufe ruwa. Babu wanda ya tashi a garinmu Gumbin Kure, ko wani gari na ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, da bai san ta ba. Muna ganinta a kududdufi, da bakin rijiya, da gindin randa, da kwamin shayar da dabbobi. A da ba ta dami kowa ba sai wanda santsinta ya kayar. Amma tun da mutane suka shiga kiwon tarwaɗa da gargaza a tankin siminti da na roba da ramin ƙasa, sai ta zama abin da kan iya cinye jarin mutum a dare ɗaya. Kukan da masu kiwo ke yi kullum ɗaya ne: an kankare ta yau, kafin mako ya zagayo ta dawo. To, ni a ganina gansakuka ba ita ce cutar ba, alama ce kawai. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Da farko bari mu san ko mece ce ita. Gansakuka halitta ce mai rai kamar tsiro, sai dai ba ta da saiwa, ba ta da ganye, ba ta fure. A nan ta bambanta da kainuwa da bado. Akwai mai zare-zare kamar gashi wadda kan manne a bango, akwai kuma mai ƙanƙanta ainun, wadda ido ba ya ganin ƙwayarta sai da madubin ƙara girman abu, ita ce kan mai da ruwa kore shar kamar miyar kuka. Irinta yana cikin ƙura da iska da ƙafar tsuntsu da jikin guga. Saboda haka babu mai iya hana ta shiga ruwa. Abin da mutum ke iya yi shi ne ya hana ta ƙoshi.

Abu uku take bukata: hasken rana, da ɗumi, da abinci. Biyun farko Allah ya hore mana su, musamman da bazara, lokacin da zafi kan wuce digiri 40. Na ukun kuwa mu ne ke ba ta da hannunmu. Duk wanda ya duba buhun takin zamani zai ga haruffa uku, NPK. To, N da P ɗin nan, watau naitirojin da fosfaras, su ne tuwon gansakuka. Takin da ke sa albasar Aliero ta yi kai, shi ne in ruwan sama ko na ban ruwa ya wanke shi zuwa kududdufi zai mai da shi kore. A tankin kifi kuwa ana samun waɗannan abubuwa biyu daga kashin kifin, da ragowar abincin da ya nutse ya ruɓe, da hanjin kaji da wasu kan zuba don rage tsadar abinci.

Kada mai karatu ya ɗauka gansakuka ba ta da amfani. Kaɗan daga cikinta alheri ne. Gargaza na cin ta, ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci su ma da ita suke rayuwa, kuma da rana tana fitar da iskar oksijin, wadda kifi ke shaƙa a cikin ruwa. Sharrinta da dare yake. Da zarar rana ta faɗi sai ta daina ba da iskar, ta koma shaƙarta tare da kifin. Idan ta yi yawa, kafin asuba ta kwashe abin da ke cikin ruwan, ga shi kuwa ruwa mai ɗumi dama ba ya riƙe iska da yawa. Shi ya sa da asuba ake ganin kifaye sun taso sama suna buɗe baki, kuma yawancin mutuwar kifi a wannan lokaci take aukuwa. Tarwaɗa tana da juriya domin tana iya shaƙar iskar waje, amma ita ma takan rage cin abinci, girmanta ya tsaya. Gargaza kuwa ba ta daɗewa.

To, yaya mutum zai gane ta yi yawa? Akwai gwaji mai sauƙi wanda ba ya bukatar ko kwabo. Ka tsoma hannunka cikin ruwan har gwiwar hannu. In kana hango yatsunka dishi-dishi, to, ruwan ya yi daidai. In kuwa tafin hannunka ya ɓace tun bai yi nisa ba, gansakuka ta wuce kima, sai a tashi tsaye.

Hanya ta farko, kuma babbarsu, ita ce a rage mata abinci. A ba kifi abin da zai cinye cikin minti 10 zuwa 15, in an ga ragowa gobe a rage. Kada a cusa kifi fiye da abin da wurin zai ɗauka. In ramin ƙasa ne, a tayar masa da gaɓa yadda ruwan gona da na turken dabbobi ba zai gangaro ciki ba. Ta biyu, a riƙa sauya wani sashe na ruwan a kai a kai, kuma a ja shi daga ƙasa, inda dattin ya kwanta. Wannan ruwa ba abin zubarwa ba ne, taki ne, sai a kai shi lambu ko gindin itace. Ta uku, a yi inuwa da zana ko asabari a kan wani ɓangare na tankin, ba dukansa ba. Ana iya killace 'yar kainuwa a kusurwa guda ta riƙa shanye takin, amma a riƙa rage ta don kada ta rufe ruwan. Ta huɗu, a kwashe mai zare-zaren da hannu ko da koma, a fitar da ita waje. In an kankare an bar ta ciki, ruɓewa za ta yi ta zama abincin ta gobe.

Akwai magunguna da ake sayarwa masu kashe ta nan take, amma a yi hattara. Idan gansakuka mai yawa ta mutu lokaci guda, ruɓewarta kan shanye iskar ruwan, sai a wayi gari garin neman gira an rasa ido.

Wannan matsala ba mu kaɗai ta dama ba. A Turai da Amurka akwai masu ajiye akwatin gilashi a ɗaki, cike da ruwan gishiri irin na teku, wajen giram 35 na gishiri a kowace lita, suna kiwon kifaye masu launi da murjani. Murjani na ainihi, irin wanda iyayenmu mata ke ado da shi, ƙashin wata halittar teku ce, kuma danginta ne suke kiwo. Murjanin nan yana bukatar fitila mai ƙarfi, gansakuka kuwa ita ma hasken take so, sai ta hau kansa ta shaƙe shi. Duk da na'urorinsu, maganinsu bai wuce namu ba: rage abinci, sauya ruwa da tacaccen ruwa, rage awoyin haske, tsinke ta da hannu, da sanya dodon koɗi da wasu kifaye masu cin ta. Har a cikin teku haka abin yake. A 1983 da 1984 wata annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na wata irin bushiyar teku mai cin gansakuka a tekun Karibiyan. A gaɓar Jamaika, inda dama an kame kifayen da ke cin ta, sai gansakuka ta rufe murjanin, mafi yawansa ya mutu.

Akwai kuma wata iri da ya kamata iyayenmu masu dabbobi su sani. Takan yi shimfiɗa a kan ruwa kamar an zubar da koren fenti, wani lokaci da shuɗi-shuɗi da wari. Masana sun ce ita dangin ƙwayoyin bakteriya ce, kuma wasu daga cikinta na fitar da dafi mai taɓa hanta, wanda tafasa ruwa ba ya kashe shi. A watan Agusta na 2014, a birnin Toledo na Amurka, an hana mutane fiye da 400,000 shan ruwan famfo na wajen kwana uku saboda ita. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botswana, gwamnatin ƙasar ta ce dafinta ne sanadi. Abin da ya kayar da giwa, ina ga akuya? Saboda haka in an ga irin wannan ruwa da bazara, kada a shayar da dabba, kada yara su yi wanka a ciki. A gida kuwa, a riƙa wanke randa da tanki, a rufe su, a ajiye su a inuwa.

A ƙarshe ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, kowa ya gwada gwajin hannun nan a gida, ya kuma bayyana wa iyaye dalilinsa. Gansakuka ba ta tafiya a kwana ɗaya, takan ɗauki makonni bayan an toshe mata hanyar abinci. Amma sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya sa wa kiwonmu da nomanmu albarka, amin.