Ƙusar But Mai Kuncewa: Abin da Ke Riƙe Ta, da Abin da Ke Sa Ta Faɗi a Tsakiyar Wasa

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a Legas, Fatakwal ko Benin a watan Yuni ya san filin Kudu ba irin na gida ba ne. A Kano ko Sakkwato ƙasa ce busasshiya mai tauri kusan duk shekara. A nan kuwa ruwan dare ɗaya ya isa ya mayar da fili caɓi. Fatakwal na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, alhali Kano galibi ba ta kai 1,000 ba. Shi ya sa da damina ta kankama za ka ga samarinmu na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Sabon Ibadan suna neman but mai ƙusoshin ƙarfe, irin waɗanda ake ɗaurawa a kunce.

Sai dai kukan da aka fi ji guda ne: yaro ya tara kuɗinsa ya sayi but a gwanjo, wasa biyu ko uku sai ƙusa ɗaya ta ɓace a cikin taɓo. Ya sayo wata ya ɗaura, ita ma ta bi sahu. Daga nan sai a ce ai ƙusar ce jabu. Sau da yawa ba laifinta ba ne. Abin da ke riƙe ƙusa yana ɓoye ne a cikin tafin takalmin, inda ido ba ya gani, kuma nan ya kamata mai saye da mai sayarwa da mai gyara su fi mayar da hankali.

Yadda abin ya samo asali

Tun farkon tsara dokokin ƙwallo ake taƙaddama kan ƙasan takalmi. Dokokin da hukumar ƙwallon Ingila ta rubuta a 1863 sun hana ɗan wasa shiga fili da takalmi mai ƙusoshi a waje ko faifan ƙarfe. Daga baya aka riƙa yanka fata a jera ta kamar ɗan tudu, a buga ta da ƙananan ƙusoshi a tafin takalmi. Idan fatar ta cinye sai kan ƙusar ya fito, ya yanki abokin wasa ko ya soki mai takalmin kansa.

Labarin da ya fito da ƙusa mai kuncewa duniya ta san ta shi ne wasan ƙarshe na Kofin Duniya, ranar 4 ga Yuli, 1954, a birnin Bern na ƙasar Suwizalan. Hangari ce ake tsoro a lokacin, don a zagayen farko ta lallasa Jamus ta Yamma da ci 8 da 3. Ranar wasan aka sheƙa ruwa, fili ya jiƙe sharkaf. Adi Dassler, mai kamfanin Adidas, yana tare da tawagar Jamus, kuma takalman da ya yi musu na da ƙusoshin da ake sauyawa, don haka aka ɗaura musu dogaye. Hangari ta ci biyu cikin minti takwas na farko, amma Jamus ta farke, Helmut Rahn ya ci ta ukun a minti na 84, aka tashi 3 da 2. Kamfanin Puma na ɗan'uwansa Rudolf Dassler shi ma yana cewa tun 1952 ya fitar da irin wannan takalmi mai suna Super Atom. Ko ma wa ya riga, tun daga lokacin masu ƙera takalmi ke fama da tambaya guda: ya za a yi abu ya kuntu cikin sauƙi in an so, amma kar ya kunce da kansa in ana gudu?

Wahalar da ƙusa ke sha

Idan mutum yana gudu, nauyin da ke sauka a ƙafarsa kan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Wato mai kilo 70 yana dankara wa ƙasa abin da ya kai kilo 140 zuwa 210 a kowane taku. But ɗin taɓo na asali ƙusa shida gare shi, huɗu a gaba, biyu a dunduniya, kuma lokacin da ɗan wasa ya zabura biyu ko uku ne kawai ke ɗauke da wannan nauyi.

Ƙarfin kuma ta hanya uku yake zuwa. Akwai na dannawa, wanda ke tura ƙusa sama kamar za ta huda tafin ƙafa. Akwai na gefe, lokacin da mutum ya ci birki ko ya yanke, wanda ke neman karya ta ko tumɓuke ta. Sai na murɗawa, lokacin da ƙafa ke kafe a ƙasa jiki ya juya. Wannan na ukun shi ne ɓarawon ƙusa, domin duk juyin da ya zo ta hannun kuncewa yana sassauta ta kaɗan-kaɗan, kamar yadda jijjiga ke kwance notin babur a hanya mai gargada.

Abin da ke cikin tafin takalmin

In ka kunce ƙusa ka leƙa ramin, za ka ga ƙarfe mai tiredi. Noti ne, amma ba irin na bakanike mai kusurwa shida ba. Yana da faffaɗan kai kamar hular kwano, kuma ba manna shi ake yi daga baya ba. Ana jera notocin ne a cikin injin zubi, sannan a kwararo narkakkiyar roba mai tauri ta lulluɓe su, ta daskare da su a ciki. Faffaɗan kan nan yana aiki biyu: yana hana notin zarewa ta ƙasa, yana kuma baza nauyi don kar ƙusa ta riƙa sukar ƙafa.

Don kar notin ya juya, ana yi wa kansa haƙora, ko kusurwoyi, ko ƙananan ramuka da roba za ta shiga ta kama. Wannan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Muddin notin ya ɓalle daga robar da ke riƙe da shi, to ko sabuwar ƙusa ka kawo daga kamfani, juyawa kawai za ta yi ta yi ba ta ɗauru ba.

Dabara ta biyu ita ce ɗan tudun da ke kewaye da kowane rami. Tiredi na bukatar zurfi kafin ya riƙe da kyau, amma in aka yi tafin duka da kauri, takalmi zai yi nauyi ya ƙi lanƙwasa. Sai aka kaurara wurin ƙusa kaɗai, sauran aka bar shi siriri.

Ta uku tana gindin ƙusar. Ana yin sa da faɗi don ya zauna daram a kan tudun, ta yadda ƙarfin gefe zai sauka a kan faɗin maimakon siririn ƙarfen tiredi, wanda galibi kaurinsa milimita 5 ne kacal. Wasu kamfanoni na ƙara ƙananan zane-zane a gindin ƙusa ko a kan tudun, waɗanda ke cizon juna in an ɗaure. Masu takalmin wasan golf sun ma wuce nan: nasu haƙoran da ɗan juyi kaɗan suke shiga su kulle da ƙara ƙas, ba sai an yi ta murɗawa ba.

Ta huɗu ita ce wurin da ake dasa notocin. Tafin takalmi yana lanƙwasa ne a layin gindin yatsu. In noti ya faɗo daidai kan layin, kowane taku zai riƙa buɗe robar da ke kewaye da shi har ta tsage. Don haka ake sa biyu gaba da layin, biyu bayansa. Yawancin but na zamani kuma gauraye ne: ƙusoshin ƙarfe shida, da wasu haƙoran roba da aka zuba tare da tafin a tsakaninsu, don a rage wa kowace ƙusa kaya.

Me ke kashe shi a nan Kudu?

Na farko, taka wuri mai tauri. Yaro ya ɗaura but tun daga gida, ya bi kwalta da kankare har fili. A taɓo ƙusa nutsewa take yi, ƙasa ta raba nauyin da sauran tafin. A kan kwalta ba inda za ta shiga, duk bugun a kan noti yake ƙarewa.

Na biyu, tsatsa. Ruwa da laka na shiga tiredi, ga iskar Legas da Fatakwal mai ɗauke da danshi da gishiri. In aka jefa but a leda a jiƙe har mako, ƙusa da noti sai su manne. Ranar da aka zo kuncewa da ƙarfi, notin ne zai ɓalle daga robar.

Na uku, yashi a cikin rami da ɗaurin karkace. Ƙwayar yashi kan hana ƙusa kaiwa ƙarshe, mutum ya ɗauka ta ɗauru alhali gindinta bai zauna ba. In kuma aka fara ɗaurin a karkace aka matsa da sifana, tiredi ya cinye ke nan.

Na huɗu, ɗaurin wuce kima. Wasu na kama ƙusa da filaya su murɗa iya ƙarfinsu. Notin cikin roba yake, ba cikin ƙarfen injin mota ba. Na biyar kuma zafi: shanya but a kan kwanon rufi da tsakar rana ko kusa da wuta na sa roba ta saki, ɗaurin ya yi sako-sako.

Kafin ka biya kuɗi a gwanjo

Ko a Yaba ne, ko Katanguwa, ko wajen ɗan'uwa mai baza takalma a bakin titi, kar kyan saman takalmi ya ruɗe ka. Juya shi. Ka nemi a kunce maka kowace ƙusa a mayar. Wadda ta ƙi kuntuwa ta yi tsatsa, wadda ke juyawa ba iyaka notinta ya mutu. Ka lanƙwasa tafin ka duba ko akwai tsaga ko farin layi kusa da ramukan. Ka cire shimfiɗar ciki ka shafa da yatsa. In ka ji tudun ƙarfe yana tasowa, wannan takalmin zai ci maka ƙafa. Sannan ka tuna tiredin kamfanoni ba duka ne ke shiga juna ba, don haka in za ka sayi ƙusoshin canji, tafi da takalmin ko tsohuwar ƙusar.

Ka duba haruffan da ke jikin kwali ko harshen takalmin. SG na fili mai laushi ne da taɓo, shi ne mai ƙusar kuncewa. FG na ciyawa ce mai ɗan tauri, haƙoransa a manne suke, irin Copa Mundial da Adidas ta fitar a 1979. AG na ciyawar roba ne, TF kuma mai ƙananan ƙuraje ne da ya fi dacewa da ƙasa mai tauri. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, don yanzu filayen roba da ake haya da awa sun yi yawa a biranen Kudu. Doguwar ƙusar ƙarfe a kan irin wannan fili kan kafe, ƙafa ta tsaya gwiwa ta juya. Abin da zai biyo baya targaɗe ne in an yi sa'a, in ba a yi ba jijiyar gwiwa ce, wadda jinyarta kan ci watanni da kuɗi masu yawa. Wanda kuɗinsa na takalmi ɗaya ne, kuma rabin shekara a busasshen fili yake wasa, FG ko TF ya fi masa amfani.

Kula da shi ba wuya

Ka fara ɗaura ƙusa da hannu har ta zauna, sannan ka ƙara mata ɗan juyi da makullinta, ka tsaya. Dogayen a dunduniya suke zama, gajerun a gaba. Bambancin galibi milimita biyu ne zuwa uku. Ka taɓa kowace kafin wasa, in fili ya yi nauyi ka sake dubawa a hutun rabin lokaci. Bayan wasa ka wanke lakar, ka cusa takarda a ciki, ka ajiye a inuwa. Lokaci-lokaci ka kunce su duka, ka goge ramin da tsohon buroshin haƙori, ka ɗiga ɗan giris ko man keke kaɗan.

In ƙusa ɗaya ta faɗi, kar ka ci gaba da wasa a haka. Ƙafa za ta karkace, laka ta cika ramin, sauran kuma su ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsu. Wadda ta cinye har bakinta ya yi kaifi ita ma a sauya ta. Doka ta 4 ta wasan ƙwallo ta hana sa duk abin da zai cutar da mai shi ko wani, kuma alƙalin wasa na da ikon hana ka shiga fili saboda ita.

Ga 'yan'uwanmu masu gyaran takalmi kuma, waɗanda da yawansu da wannan sana'a suke riƙe gida a Kudu: in an kawo muku but mai mataccen noti, kar a cika ramin da gam mai kamawa nan take, kar kuma a buga ƙusar kafinta ta ciki. Gam ɗin ƙwalewa yake yi da an taka, ƙusar kafinta kuwa wata rana ƙafar yaron za ta samu. In tafin bai tsage ba, ana iya ɗaga shimfiɗar ciki a cire mataccen a sa wani noti mai faffaɗan kai, ko da daga wani tsohon but aka ciro shi, a rufe da fata. In ya tsage, a gaya wa mai shi gaskiya. Kuɗin gyaran da aka rasa yau, amanar da aka samu za ta mayar da shi.

Allah Ya tsare mana samarinmu a fili da wajen fili, Ya sa albarka a nema.