Me ya sa akun gidanku yake cizo?

A gidaje da dama a Maiduguri, daga Gwange har Bulumkutu, za ka ga keji rataye a tsakar gida da aku a ciki. Ƙorafin masu shi kusan ɗaya ne: an sayo tsuntsu da tsada don ya riƙa sallama yana kiran sunan yara, amma ya ƙi magana, ya koma cizo, da an matso sai ya maƙale a lungu yana gurnani.

Kafin a ce masa mugu, a tuna inda ya fito. Aku mai ruwan toka da jan wutsiya ba ɗan Borno ba ne; asalinsa dazukan Kuros Riba ne da Kamaru da Kongo. Da yawa daga cikin na kasuwa kamo su aka yi daga daji, har ta kai a shekarar 2016 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. Hannun mutum na farko da irin wannan tsuntsu ya sani shi ne wanda ya damƙe shi. To, don me zai yarda da naka rana ɗaya?

A makon farko kada kowa ya taɓa shi. A ajiye kejin a inuwa, jikin bango, don ya san ba abin da zai zo masa ta baya. Mutum ɗaya ya riƙa zama kusa da shi kullum, yana masa magana a hankali, ba tare da ƙura masa ido ba, domin a wurin tsuntsu shaho ne ke yin irin wannan kallon. Idan ya fara cin abinci a gabanka, sai ka miƙa masa yankan ayaba ko gwanda ta tsakanin wayar kejin. Ya ƙi karɓa? A bari sai gobe. Wani makonni yake ɗauka, wani watanni.

Nan ne yara ke ɓata lamarin. Tsokana ɗaya da tsinke kan rushe aikin wata guda. A nuna musu cewa idan ya tayar da gashinsa ya sunkuyar da kai yana gurnani, cewa yake yi a ja baya. Idan kuma ya yi cizo, duka ba ya koya masa komai sai ƙarin tsoro.

Akwai wani abu da ya shafi garin nan musamman: turaren wuta. Numfashin tsuntsu bai da juriyar hayaƙi kamar namu, don haka kafin uwargida ta ɗora kasko, ko a kunna maganin sauro, a fitar da kejin. Kada a ba shi fiya ko cakulan, guba ne gare shi. Haka ma gyaɗar da ta yi funfuna.

Iyalin ma su kiyaye. Ƙurar busasshen kashin aku tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke kawo zazzaɓi da tari. A yayyafa ruwa kafin a share kejin, a wanke hannu da sabulu, kuma duk wanda ya kamu da tari mai zazzaɓi ya gaya wa likita cewa akwai tsuntsu a gida. Shi kuwa akun, idan ya fara fige gashin kansa ko ya daina ci, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Maiduguri.