Alawayyo: Farin Yadin da Ba a Rasa Shi a Gida

A layin 'yan yadi na kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi, shadda da atamfa ne ke kan gaba. Alawayyo kuwa, farin yadin nan mara nauyi, da ɗan'uwansa akoko mai ɗan duhu, sai an tambaya ake jawo su. Ba su da ado, amma da wuya a sami gidan da bai taɓa aikawa a yanko masa ba.

Kafin zuwan yadin kanti, mu muke yin abinmu. Idan an tsince auduga, mata kan gurje ta a magurji su fitar da angurya, su shiɓe ta, sannan a zauna kaɗi. Mai kaɗi tana dangwala yatsa a alli tana murza mazari, tana jan zaren a hankali don kada ya tsinke. Mai kauri shi ne abawa, siririn kuwa shi ake kai wa masaƙin da zai yi tufa mai shara-shara. Maza ke saƙa shi ƙwarya-ƙwarya, a harhaɗa da allura ya zama fari. Garin Kura ta Kano ya yi suna da turkuɗi, siririyar saƙa da ake rinawa da baba, a buga a mabuga har ya ɗauki ƙyalli. Shi ne abin naɗin Buzaye.

Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Katsina zuwa Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke aikawa Tambutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara.

Zuwan Turawa ya juya akalar cinikin. A 1902 aka kafa kamfanin BCGA a Ingila don nemo wa masaƙun Lankasha auduga. Layin dogo ya isa Kano a 1911, daga baya aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Auduga ta riƙa fita ɗanya tana dawowa a yadi mai araha. Haka ya faru da masaƙan Dakka a ƙasar Bangal, waɗanda suka fi kowa shahara da siririn yadin auduga. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, da ta Funtuwa da ta biyo baya, sun dawo da aikin gida na wani lokaci. Yau yawancin masaƙun Arewa sun durƙushe, akasarin yadin kasuwa daga Sin yake zuwa.

Abin da ya sa ba a rabu da alawayyo ba shi ne saƙarsa. Iska na ratsa ta, zarenta na tsotse gumi, shi ya sa 'yar shara da rawani mara nauyi suke da daɗi da bazara. Mai koko da shi take tace gasara, mai awara da shi take matse waken suya. A yaƙin da aka yi da kurkunu, tace ruwan tafki da ƙyalle na cikin manyan makamai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da cutar. Amma a sani, tacewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, tafasa ruwa ya fi. Alawayyo ne kuma likkafani, domin ya inganta cewa a cikin fararen tufafin auduga uku aka yi wa Manzon Allah (SAW) sutura.

Sai dai ba kowane fari ne auduga ba, da yawa an gauraya su da zaren roba. Kafin a yanka maka, nemi ɗan ƙyalle ka kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba kuwa narkewa take yi, ta dunƙule da warin leda. Irin wannan bai dace da tace koko mai zafi ba, bai kuma dace da jikin jariri ba. In ka sami na gaske, jiƙa shi ka wanke kafin ka kai wa tela, don sitacin ya fita, yadin ya gama tsukewa.