Malamar Da Take Koyarwa A Gefen Gado

Kongolam gari ne na bakin iyaka a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, inda hanyar Daura take shiga ƙasar Nijar ta nufi Damagaram. Sa'ad da ciwo ya tsananta wa tsoho a can, akan sa shi a mota a kai shi babban asibitin Daura. Mu kuwa likita kaɗai muke jira, ba mu cika kula da masu kwana tare da majinyata ba, balle mu tambayi wanda ya koya musu aikin.

A asibitocin da ɗalibai suke koyon jinya, akan sami wata babbar nas wadda koyarwa ce aikinta. Ba ta da allo. Takan tsaya a gefen gado, ta bar ɗaliba ta yi aikin da hannunta, kana ta gyara mata. Lalle jinyar tsoho tana bukatar wannan, gama jikinsa ba kamar na saurayi ba ne.

Tsohon da ba ya iya juyawa, sai a juya shi bayan kowane awa 2, in ba haka ba fatar ƙugu da ta diddige za ta ɓare ta zama gyambo. Tsofaffi ba sa jin ƙishi sosai, saboda haka da bazara ba a jira sai sun roƙi ruwa. Ƙodarsu tana jinkirin fitar da magani, har abin da ya dace da ɗan shekara 30 ya iya yi musu yawa. In kuma Iya ta tashi dare ɗaya ba ta gane jikokinta, mukan ce ai tsufa ne. Malamar takan sa a bincika, domin sau da yawa ciwon mafitsara ne ko ƙarancin ruwa, kuma yana warkewa.

Akwai abin da ba ya cikin littafi. Ba a kiran dattijo da lambar gadonsa, sai a ce, "Baba, za mu juya ka." Takan lura da kunya kuma. Matar ɗa ba za ta wanke surukinta ba, to, sai a nemi ɗansa a nuna masa yadda ake yi.

Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashe na musamman domin tsofaffi a 2012, amma Ibadan da nisa. A nan Arewa, yawancin jinyar tana hannun dangin da suke shimfiɗa tabarma kusa da gado, su ne kuma za su koma da tsohon Kongolam. Don haka, ya ku masu karatu, kafin a sallami naku, ku roƙi malamar ko babbar nas ta nuna muku yadda ake juya shi, da yadda ake zaunar da shi kafin a ba shi kunu don kada ya ƙware. Ku gwada a gabanta, ta gyara muku.