Tsaunukan New Hampshire a Hunturu: Wa Zai Ce Maka Ka Koma?

A jihar New Hampshire da ke arewa maso gabashin Amurka akwai jerin tsaunuka da aka raɗa wa sunayen shugabannin ƙasar: Madison, Adams, Jefferson, Washington, Monroe, Eisenhower da Pierce. Masu sha'awar hawan dutse kan sha alwashin taka ƙololuwarsu duka a yini guda, tafiyar da ta kai wajen kilomita 30, hawan da ke cikinta kuma in an tattara ya doshi mita 2,700. A watan Yuli wannan gwajin ƙwanji ne kawai. A Janairu ko Fabrairu kuwa, ga wanda ya fita shi kaɗai, magana ta canja. A ganina babban abin da irin wannan matafiyi ya baro a gida shi ne bakin da zai ce masa "ya isa haka, mu koma."

Tsayin duwatsun kansa yana yaudarar mutane. Washington, babbansu, mita 1,917 ne, ko Chappal Waddi na jihar Taraba ya ɗara shi. Amma a ranar 12 ga Afrilun 1934 masu lura da yanayi a saman Washington sun auna iska mai gudun kilomita 372 a awa, kuma a farkon Fabrairun 2023 sanyi ya kai digiri 44 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, wanda haɗe da iska jiki ke jin sa kamar 78 ƙasa da sifili. Daga wajen mita 1,350 bishiyoyi sun ƙare, sai duwatsu tsirara da dusar ƙanƙara, kuma kaso mai tsoka na tafiyar a wannan fili ake yin sa. Ɗakunan kwanan matafiya da ke can sama a rufe suke duk hunturu. Abin da ke nuna hanya shi ne tsibin duwatsun da aka jera nan da can, in hazo ya rufe kuwa, mutum na tsaye jikin ɗaya ba ya hango na gaba.

Zafin jikin ɗan Adam yana wajen digiri 37, da ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Yadda abin ke zuwa shi ne abin tsoron. Gumin hawan farko ya jiƙa rigar ciki, iska ta same ta a fili. Ruwan gora ya daskare, mutum ya daina sha. Yatsu su sandare har jan zif ya gagara, ya ƙi cire safar hannu don ya ci abinci, ƙarfi ya riƙa zurarewa. Sai sanyin ya taɓa ƙwaƙwalwa: tuntuɓe, magana na harɗewa, lissafi na kwancewa, ga wani irin ko-in-kula. Wato abin da zai yanke shawarar komawa shi ne ya fara lalacewa, kuma mai shi ba ya sani. Abokin tafiya ne ke lura cewa an tambaye ka sau biyu ba ka amsa ba.

Wani zai ce ai zamani ya zo da sauƙi, akwai 'yar na'urar da ake dannawa ta aika kiran ceto ta tauraron ɗan Adam. A watan Fabrairun 2015 wata mata 'yar shekara 32, mai ƙarfi da kayan aiki masu kyau, ta fita ita kaɗai da asuba da niyyar hawa huɗu daga cikin tsaunukan. Ta taka Madison, iska ta tsananta, da la'asar ta danna na'urar. Saƙon ya isa, amma ya riƙa nuna wurare daban-daban, masu ceto suka sha fama cikin dare da iskar da ba ta barin mutum ya tsaya da ƙafafunsa. Washegari aka sami gawarta tsakanin Madison da Adams. Na'ura tana kira ne kawai, masu zuwa kuma mutane ne, da ƙafa za su hau, kuma guguwar da ta kayar da kai ita ce ke hana jirgi mai saukar ungulu tashi.

Akwai ƙorafi mafi nauyi: ayari ma yana halaka, wani lokaci ma saboda kunya, kowa na jin nauyin ya zama shi ne ya fara karaya. Gaskiya ne, kuma akwai ƙwararrun da suka yi wannan tafiya su kaɗai suka dawo lafiya. Sai dai abin da irinsu ke yi yana ƙarfafa maganata ne. Suna yanke shawarar tun a gida, da hankalin da sanyi bai taɓa ba: in ƙarfe kaza ya yi ban kai wuri kaza ba, zan sauka ta hanya kaza, in hasashen da cibiyar yanayi ta saman tsaunin Washington ke fitarwa kullum ya nuna iska mai yawa, ba na wuce bakin bishiyoyi. A ƙarshen Disamba hasken rana bai fi awa 9 ba a can, don haka duk jinkiri duhu ne ke biyan sa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma jerin ƙololuwa yana da tasa jarabar: wanda ya ci uku yana ganin asara ce ya bar ta huɗu, alhali ita ce ke ƙara nisanta shi da mota.

To a hana tafiyar? Ban ga hikimar hakan ba, ba a kuma iya tsare bakin kowace hanya. Jihar ta bi wata dabara: hukumar kula da kifi da namun daji, wadda ke jagorantar aikin ceto, tana da ikon cajin wanda sakacinsa ya jawo aka fita nemansa, kuma tun 2015 ake sayar da wani katin shekara da ke ɗauke wa mai shi wannan kuɗin, muddin bai yi ganganci ba. Dokar ta ware sakaci daga tsautsayi, abin da ya dace. Kuɗin dai ba ya rage wa masu ceto sanyi, kuma da yawansu 'yan sa-kai ne da ake tasowa daga gidajensu cikin dare.