Gyaran Zaren Gado: Abin da Binciken Sirtuwin Ya Tabbatar Game da Tsufa

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai zaren gado, wato DNA, wanda in aka warware shi zai kai tsawon mita 2, yana ɗauke da haruffa kimanin biliyan 3 daga uwa da wasu biliyan 3 daga uba. Wannan zare ba a adane yake kamar littafi cikin akwati ba. Zafin jiki da hasken rana da dattin da ke fita yayin ƙona abinci suna yi masa lahani sau dubbai a kowace rana, kuma Tomas Lindahl ne ya fara nuna yawan lalacewar da zaren ke yi da kansa tun shekarun 1970, har ya samu rabonsa na kyautar Nobel a 2015. Yawancin lahanin mai sauƙi ne, domin zaren tufka biyu ne, in ɗaya ya lalace sai a duba ɗan'uwansa a gyara. Mafi muni shi ne su tsinke gaba ɗaya a wuri guda, domin a nan ne ake haɗa bakin da ba nasa ba, ko a yi asarar wani yanki. Farfesa Vera Gorbunova ta Jami'ar Rochester a Amurka, tare da abokin aikinta Andrei Seluanov, ta shafe shekaru tana bin tambaya guda: shin iya gyaran irin wannan tsinkewa ne ke raba dabba mai gajeren kwana da mai dogon kwana? Bincikenta ya kai ta ga wani furotin mai suna SIRT6, ɗaya daga cikin bakwai na dangin sirtuwin. A ganina, a wannan aiki na tsare zaren gado ne darajar sirtuwin take, kuma hayaniyar maganin tsufa da aka yi da sunansu ta rufe wannan daraja fiye da yadda ta bayyana ta.

Labarin ya faro ne daga yis, irin wanda ake kumbura burodi da shi. Uwar ƙwayar yis takan haihu sau ashirin da ɗoriya, sannan ta gaji ta mutu. A 1997 David Sinclair da Leonard Guarente na cibiyar MIT suka gano ɗaya daga dalilan: akwai wani yanki na zaren gadonta da ke maimaita kansa fiye da sau ɗari, kuma gutsattsarinsa kan ɓalle su zama zobba, su taru a jikin uwar har su kashe ta. Furotin Sir2, wato sirtuwin na yis, shi ne ke hana wannan ɓallewa, kuma a 1999 aka nuna cewa ƙara shi yana tsawaita rayuwar yis da kusan kashi 30 cikin ɗari. Shekara guda bayan haka Shin-ichiro Imai ya bayyana yadda yake aiki. Zaren gado a naɗe yake a kan wasu furotin da ake kira histon, kamar yadda masaƙi ke naɗe zare a kwarkwaro. Sir2 yana cire wata ƴar alama daga histon, sai naɗin ya tsuke, wurin ya rufu. Ba ya iya wannan aiki sai da sinadarin NAD, wanda jiki ke samarwa daga bitamin B3 kuma yake amfani da shi wajen fitar da ƙarfi daga abinci. Abin lura shi ne, tun a wannan mataki na farko, tsawon rai ya zo ne ta hanyar hana zaren gado watsewa.

Daga nan aka yi gaggawa. A 2003 aka ba da rahoton cewa resberaturol, wani sinadari na ɓawon inabi, yana zaburar da SIRT1, ɗan'uwan Sir2 a jikin ɗan Adam, kuma jaridun duniya suka ɗauka. A 2008 kamfanin GlaxoSmithKline ya sayi Sirtris, kamfanin da aka kafa kan wannan fata, a kan dala miliyan 720. Ba a jima ba masu bincike a kamfanonin Amgen da Pfizer suka nuna cewa zaburarwar da aka gani ta dogara ne da wani launi mai ƙyalli da aka liƙa a kayan gwajin. A 2011 David Gems da Linda Partridge na Landan suka sake gwajin da aka taɓa yi wa Sir2 a tsutsa da ƙuda, suka tarar yawancin ƙarin kwanan da aka jingina wa Sir2 daga wasu bambance-bambancen gado ya fito. Babban shirin gwamnatin Amurka na gwada magunguna a kan ɓeraye bai ga resberaturol ya ƙara musu kwana ba. A 2013 aka rufe ofishin Sirtris.

Wanda ya tsaya a nan zai ce sirtuwin duk tatsuniya ce, amma a daidai waɗannan shekaru wani aiki yana tafiya ba tare da ganga ba. A 2006 Raul Mostoslavsky da abokansa a ɗakin binciken Frederick Alt na Harvard suka cire SIRT6 daga ɓeraye. An haife su kamar lafiya, sai suka tsumbure, bayansu ya tanƙware, kitsen ƙarƙashin fata ya zube, suka mutu cikin mako huɗu, kuma ƙwayoyinsu cike da karyayyun kuromosom, wato ƙunshin zaren gado. A 2008 Katrin Chua ta Stanford ta nuna SIRT6 yana tsare bakin kuromosom daga zaizayewa da mannewa da juna. A 2011 ɗakin binciken Gorbunova ya gano cewa in zare ya tsinke, SIRT6 na cikin masu fara isa wurin, yana tada wani furotin mai suna PARP1, shi kuma ya kirawo masu gyara. Sai a 2014 suka ƙara wani abu da nake ganin ya fi kowanne ban mamaki. Kusan kashi 17 cikin ɗari na zaren gadonmu wasu baƙi ne da ake kira LINE1, gutsattsarin da ke iya kwafar kansu su cusa kwafin a wani wuri, su yanka zaren a yayin shiga. Akwai kimanin 500,000, ko da yake waɗanda ke da sauran ƙarfi ba su wuce ɗari ko makamancin haka ba. SIRT6 ne ke zaune a kansu yana danne su. In lahani ya yawaita, sai ya bar gadin ya tafi gyara, su kuma su farka. Da tsufa wannan barin gadi yana ƙaruwa, ma'aikaci ɗaya ne da ayyuka biyu, kuma kiran gaggawa ba ya ƙarewa.

Hujja mafi nauyi ta fito a 2019 a mujallar Cell. Gorbunova da Seluanov suka tara ƙwayoyin dabbobi iri 18 na dangin ɓera, daga ɓeran gida da ba ya wuce shekara 3 zuwa 4, zuwa ɓeran ƙasa marar gashi na Habasha da Kenya da Somaliya da ke haura 30, da kuma bifa, wata dabbar ruwa mai sare itatuwa tana datse rafi, wadda ke rayuwa fiye da shekara 20. Suka auna gyara iri biyu. Gyaran lahanin da hasken rana ke yi bai bi tsawon rai ba, ya bi yawan shan rana ne. Gyaran tsinkewar tufka biyu kuwa ya bi tsawon rai sau da ƙafa, haka ma ƙarfin SIRT6 na kowace dabba. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci, domin da a ce dabbobi masu dogon kwana sun fi iya komai ne kawai, da gyaran biyu duk sun tashi tare. Suka ci gaba suka gano cewa a cikin tubalan furotin fiye da 300, guda biyar ne suka ɗauki bambancin da ke tsakanin na bifa da na ɓera, kuma da aka sa wa ƙudaje SIRT6 na bifa sun fi waɗanda aka sa wa na ɓera daɗewa.

Akwai masu ja, kuma jayayyarsu ba ta banza ba ce. Na farko suna cewa ɓeran da ya mutu a mako huɗu ciwo ne ya kashe shi, kiran abin tsufa kuskure ne. Suna da gaskiya sosai: sukarin jinin waɗannan ɓeraye yana faɗuwa warwas, domin SIRT6 yana da hannu a yadda jiki ke ƙona sukari, kuma ba su ruwan sukari ya ceci da yawa daga mutuwar wuri. Birran da aka cire wa SIRT6 a ƙasar Sin a 2018 sun mutu sa'o'i kaɗan bayan haihuwa, abin da ya fi kama da matsalar girma a ciki. Lalata inji ta hanyar cire ƙusa ba ya nuna cewa ƙusar ce ke sa shi tsufa. Amsar wannan tana gwajin da ya bi ta ɗaya hanyar. Haim Cohen na Jami'ar Bar-Ilan a Isra'ila ya ƙara wa ɓeraye SIRT6, kuma a 2012 ya ba da rahoton cewa mazan sun ƙara kwana da kusan kashi 15 cikin ɗari, matan ba su ƙara ba. A 2021, da wani jinsin ɓeraye, duka biyun suka ƙara, mazan sun fi. Ƙara wa lafiyayyar dabba kwana ya fi rage mata wuya nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ba wannan sakamako nauyi. Sai dai dole a faɗa cewa Cohen ya fi jingina abin ga sarrafa abinci da ƙarfin jiki, don haka ba a raba rabon gyaran zare da rabon sukari ba tukuna. Ina ganin rabawar ma tana iya gagara, tunda NAD ɗin da SIRT6 da PARP1 ke ci wajen gyara shi ne dai wanda ƙona abinci ke juyawa.

Jayayya ta biyu ta fi tsanani, kuma a kanta ba ni da cikakkiyar kariya: ɓera ba mutum ba ne. Mu ma dabba ce mai dogon kwana, SIRT6 ɗinmu mai ƙarfi ne tun asali, saboda haka ratar da bifa ya ba ɓera mai yiwuwa mun riga mun cinye ta. A 2022 ɗakin Gorbunova ya bayyana wani nau'in SIRT6 da aka samu a wasu Yahudawan Ashkenazi da suka kai shekara 100, wanda a gwajin ƙwayoyi ya fi iya gyara da danne LINE1. Amma masu ɗauke da shi kaɗan ne ƙwarai, kusan ɗaya cikin ɗari, kuma ratar da ke tsakaninsu da sauran mutane ba ta kai a yanke hukunci ba. Alama ce mai kyau, ba ta wuce alama ba.

Saboda haka ne nake damuwa da yadda kasuwa ke riga ilimi. Ana tallar ƙwayoyin NMN da makamantansu a intanet da cewa suna ƙara NAD, suna tada sirtuwin, suna mayar da tsoho yaro. Gwaje-gwajen da aka yi a mutane sun nuna suna ɗaga NAD a jini, amma babu wanda ya nuna sun ƙara wa mutum kwana, kuma gyaɗa da kifi da nama suna ba jiki bitamin B3. Akwai ma inda haɗarin ya fi kusa da mu. LINE1 yana kwafar kansa da dabara irin ta ƙwayar cutar ƙanjamau, shi ya sa a 2019 Gorbunova da abokanta suka ba ɓerayen da ba su da SIRT6 magunguna irin su lamibudin, kumburin jikinsu ya ragu, kwanansu ya ƙaru. Lamibudin yana cikin haɗin da asibitocin Najeriya da Nijar ke ba masu ƙanjamau kullum. Wanda ya sha shi shi kaɗai don neman ƙuruciya, alhali yana ɗauke da ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in B bai sani ba, zai iya koya wa cutar jure maganin, kuma dainawa farat ɗaya na iya tayar da ciwon hantar. Gwajin an yi shi ne a ɓeraye marasa lafiya waɗanda aka cire wa furotin guda da gangan, kuma abin da ya tabbatar shi ne LINE1 na da hannu a ciwon da ya same su.