MAGANIN HAKI: DARASI DAGA GONAKIN ALKAMA NA TURAI

Manoma ƴan uwa, yau za mu kai ku gonakin alkama na ƙasashen Turai, don abin da ya samu manoman can yana iya samun duk wanda ke fesa maganin haki a gonarsa.

A Faransa da Espanya da Italiya, ana shuka alkama wajen watan Oktoba ko Nuwamba. Ta sha sanyi cikin gona, a girbe ta wajen Yuni ko Yuli. Cikin wannan alkama akwai wani haki mai faɗin ganye da jan fure, wanda Faransawa ke kira kokiliko. Tare da alkama yake tsirowa, yana cin takinta, yana shan ruwanta. Gindi ɗaya yana zuba ɗiya dubbai, kuma ɗiyan suna iya kwana cikin ƙasa shekaru da yawa ba su mutu ba.

Da farko manoma sun yaƙe shi da maganin 2,4-D, wanda aka fara sayarwa bayan yaƙin duniya na biyu. A 1982 aka fito da wani sabon dangin magani mai suna sulfonilure. Giram kaɗan ya isa eka guda. Manoma suka rungume shi, bana shi, baɗi shi. A 1987, shekara biyar kawai da fitowarsa, aka samu hakin da ya ƙi mutuwa a gonakin alkama na Amurka. A 1993 aka tabbatar a Espanya cewa akwai kokiliko da ba ya jin 2,4-D, ba ya jin tribenuron, ɗaya daga cikin dangin sulfonilure. Daga baya aka ga irinsa a Girka da Italiya da Ingila da Faransa.

To, mi ya faru? Maganin bai lalace ba. Aikin sulfonilure shi ne ya toshe wani sinadari cikin jikin haki, mai suna ALS, wanda sai da shi haki ke gina jikinsa. Cikin haki masu ɗimbin yawa, akan samu ɗaya da aka halitta da ɗan bambanci a wannan sinadari, har magani ba ya kama shi. Ka fesa, sauran suka mutu, shi ya tsaya, ya yi fure, ya zuba ɗiya. Baɗi ka sake fesa magani guda, ɗiyansa suka tsaya su ma. Ka san yadda kake zaɓen zangarniya mai kyau ka ajiye don iri. Haka magani ke zaɓa wa haki iri, manomi kuwa shi ke biyan kuɗin. Ga kuma ƙudan zuma suna ɗaukar garin fure daga gona zuwa gona, suna yaɗa wannan hali.

Kada ka ce Turai da nisa. Mu ma muna shuka alkama lokacin sanyi a gandarin Birnin Ƙonni da garaken Ayar. Londax da ake zubawa a gandayen shinkafa na bakin kogi ɗan dangin sulfonilure ne, 2,4-D kuma ana sayar da shi cikin kasuwanninmu. Kokiliko ba hakin ƙasarmu ba ne, amma hakinmu ma yana iya bin wannan hanya.

Ga alamar da za ka lura da ita. Ka fesa daidai ƙa'ida, kan lokaci, sauran haki duk sun bushe, amma iri guda ya tsaya kore a wani gefe, kuma gefen yana faɗi kowace shekara. In ka ga haka, kada ka ƙara yawan magani, asarar kuɗi ce. Tuge hakin da hannu tun bai yi ɗiya ba, ka fitar da shi daga gona, ka ƙone, ka sanar da malamin gona.

Manoman Turai da abin ya shafa sun koma ga dabarun da. Suna canza shuka, don kokiliko ya fi tsirowa lokacin shukar alkama. Suna gyara gona su bar haki ya tsiro, su kashe shi, sannan su yi shuka. Mu ma muna iyawa: ba gona ruwa kafin shuka, haki ya fito, ka bi shi da hauya. Bayan alkama ka sa albasa ko wake. Tsabtace irinka. In za ka canza magani, ka sa a karanta maka sunan sinadarin da ke rubuce jikin kwalba ko leda, don sunan kasuwa biyu suna iya zama magani guda.

Magani mataimaki ne, hauya kuwa har yanzu ba a samu hakin da ya gagare ta ba. Allah ya ba mu albarkar noma.